Wa Zai Kwana da Maras Lafiya? Darasi kan Shiga Makarantar Jinya a Gadarif

A ƙauyukan bakin kogin Atbara da kogin Rahad, cikin jihar Gadarif ta gabashin Sudan, akwai cutar da iyaye mata kan gane tun kafin likita ya ambaci sunanta. Yaro ya ɗauki zazzaɓi, a ba shi maganin cizon sauro, zazzaɓin ya ƙi sauka. Mako biyu, mako uku, yaro na ta ramewa, cikinsa kuwa na ɗagowa ta gefen hagu saboda saifa ta kumbura. Ita ce kala-azar. Wani ɗan mitsitsin ƙuda ne ke kawo ta, wanda bai kai sauro girma ba, yana ɓuya a tsagar baƙar laka da dazukan aduwa da dushe, ya fito cizo bayan faɗuwar rana. In ba a yi magani ba, fiye da kashi 95 cikin ɗari na waɗanda ta kama ba sa tashi. Mafi yawan masu wannan cuta da ake lissafawa a Sudan daga wannan jiha suke, kuma yara sun fi yawa a cikinsu. Maganin da aka fi yi tun wajen 2010 allura biyu ne kowace rana, ɗaya ta sodium stibogluconate, ɗaya ta paromomycin, har kwana 17. Ku lissafa da kanku: allura 34 a jikin yaron da ya riga ya zama ƙashi da fata. Aikin likita a nan na 'yan mintoci ne, ya duba, ya sa a gwada jini, ya rubuta magani. Sauran kwanakin fa? Sai an sami mai ɗora yaron a ma'auni, domin da nauyinsa ake auna maganin. Sai an sami mai lallaɓa shi ya ci abinci alhali bakinsa ba ya so, mai lura cewa haɓo ya ɓalle masa cikin dare, mai riƙe tsintsiyar hannunsa ya ji bugun jini ya fara tuntuɓe, tunda stibogluconate na iya taɓa zuciya, ya ruga ya kira na gaba da shi. A wuraren da suka yi suna wajen yaƙi da wannan cuta, irin su cibiyar Kassab, da ta Doka mai ɗauke da sunan Farfesa Ahmad Muhammad Alhasan, da asibitin Tabarak Allah inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana aiki, masu wannan ɗawainiya sun fi likitocin yawa nesa ba kusa ba.

Abin da wannan darasi ke son kafawa shi ne, a wuri irin Gadarif ran maras lafiya ya fi rataya ga wanda ke bakin gadonsa dare da rana. Saboda haka baligi ko baliga daga cikinku da ya je ya yi rajistar koyon jinya, ko da a matakin mataimaki ne, ya kama hanyar da jama'a ke matuƙar bukata, kuma hanya ce ta mutunci. Amma akwai sharaɗi. Sai makarantar ta zama wadda hukuma ta san da ita, sai koyon ya zama a gefen gado ƙarƙashin idon ƙwararre, sai kuma ɗalibi ya san inda iyakarsa ta tsaya. Akwai masu ja da wannan magana, wasunsu da hujja mai nauyi, za mu kuwa saurare su.

Mu fara da sanin aikin, domin mutane da yawa sun ɗauka yin allura shi ne jinya. Mataimakin ma'aikacin jinya, mace ko namiji, aikinsa lura ne, da kai rahoto, da kula da jikin wanda ya kasa kula da kansa. Yana auna zafin jiki. Yana ƙirga bugun jini, wanda ga babba mai lafiya yake tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya. Yana ƙirga numfashi, kuma wannan ƙirga kaɗai ta isa ta ceci yaro: jariri ɗan wata 2 zuwa shekara ɗaya in numfashinsa ya kai 50 a minti, ko yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 in nasa ya kai 40, alamar ciwon huhu ce, sai gaggawa. Yana zagaya damtsen yaro da ɗan ma'aunin nan mai launi uku, in awo ya faɗa a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ya san tamowa ta yi tsanani. Yana juya tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar duk bayan awa biyu, don kada gyambo ya huda masa baya da ƙugu. Yana wankewa, yana ciyarwa, yana sauya zanen gado, yana rubuta abin da ya gani da lokacin da ya gan shi. Wannan rubutu shi likita ke karantawa da safe ya yanke shawara a kai, in kuwa an rubuta ƙarya ko an bar gurbi, shawarar ta karkace tun daga tushe.

Mai shakkar nauyin wannan aiki ya tuna da kwalara. Ranar 26 ga Satumba 2023, wata biyar da ɓarkewar yaƙi a Khartum, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta sanar da ɓullar kwalara a Gadarif, daidai lokacin da zazzaɓin dengue ke kwantar da mutanen gari gida-gida, kuma kwalarar ta sake dawowa da daminar 2024. Mai kwalara yana zubar da ruwan jikinsa ne ta amai da gudawa, cikin 'yan awoyi ya ƙafe. In aka mayar masa da ruwan a kan kari, masu mutuwa ba sa kai ɗaya cikin ɗari. In aka bar masu tsananinta haka nan, ana iya rasa kusan rabi. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu hannun masu jinya ne ke cike ta. Ku dubi ɗakin kwalara: gado mai rami a tsakiya, bokiti a ƙarƙashinsa, wani bokitin a wajen kai saboda amai. Mai aiki na zagayawa da kofin ruwan gishiri da sukari, yana ba da shi kurɓi-kurɓi bayan kowace gudawa. Yana tsunkular fatar ciki ya saki, ya ga ko za ta koma nan take ko za ta tsaya a tattare fiye da daƙiƙa biyu. Yana duba ko ido ya faɗa, ko maras lafiya ya daina iya sha, domin a nan ne kofi ke ƙarewa sai ƙarin ruwa ta jijiya. Yana kuma sa ido kada leda ta ƙare ba a sani ba. Ya san ruwan kulorin hawa uku ne: mai kashi 2 cikin ɗari na zubawa a bokitin gudawa da amai, mai 0.2 na goge gado da daɓe, mai 0.05 na wanke hannu. In ya rikita su, ko ya ƙona fatarsa ko ya ɗauki cutar ya kai wa iyalinsa. Duk wannan an yi shi ne a jihar da ta riga ta ɗauki 'yan gudun hijirar Tigray a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba bayan yaƙin da ya ɓarke a Habasha a Nuwamba 2020, sannan dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo mata daga Khartum, da Wad Madani bayan faɗuwarta a Disamba 2023, da Sinja a tsakiyar 2024. Gadajen asibiti ba su ninka ba, marasa lafiya ne suka ninka.

Dogaro da irin waɗannan ma'aikata daɗaɗɗen abu ne a Sudan, a kansu ma aka gina aikin lafiya na ƙasar. A 1918 aka fara horar da mataimakan likita a Port Sudan, shekara shida kafin a buɗe makarantar likitanci ta Kitchener a Khartum a 1924, wadda ɗalibanta na farko ba su wuce goma ba. A 1921 wata Baturiya, Mabel Wolff, ta buɗe makarantar ungozoma a Omdurman, daga baya 'yar'uwarta Gertrude ta kama mata. Matan da suka fara shiga ba su iya karatu da rubutu ba, wasunsu ma tsofaffin ungozomomin gargajiya ne. Da hanci da harshe da yatsa aka koya musu bambance magunguna, a cikin 'yan watanni, aka ba kowacce akwatin kayan aiki ta koma garinsu. Daga cikinsu aka sami irin Sitt Batul Muhammad Isa, wadda ta shiga tana ɗaliba ta zama malamar makarantar, ta yaye mata masu yawa. Wannan labari ya fi kowa shafar ku da kuka dawo karatu da girma. Ma'aikacin jinya na da, wanda ake kira mumarrid, shi ma a cikin asibiti yake koyo, yana aiki yana karatu shekara uku, kuma shi ke riƙe da ƙananan wuraren shan magani na ƙauyuka.

Daga 1990 abubuwa suka sauya. Gwamnati ta buɗe jami'o'i a jihohi, ta Gadarif ta zo a 1994, makarantun likitanci da a da ba su kai biyar ba suka koma gwammai. A 2001 aka fitar da sanarwar ɗaga karatun jinya da makamantansa zuwa matakin jami'a. Niyyar kyakkyawa ce, sai dai tsofaffin makarantun asibiti sun dusashe kafin jami'o'i su iya cike gurbinsu, aka wayi gari ƙasa na yaye likitoci da yawa, masu jinya kaɗan. Likitocin kuma kasuwarsu a buɗe take a Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa da Ingila da Ailan, suka yi ta tafiya. Don gyara wannan karkata ne Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa Akademiyar Ilmomin Lafiya a 2005, ta buɗe mata rassa a jihohi, har da Gadarif, tana horar da masu jinya da ungozomomi da mataimakan likita kusa da gidajensu. Ƙarancin kuwa na duniya ne: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce ana da giɓin masu jinya miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe marasa ƙarfi, kuma cikin masu jinya kusan miliyan 28 da ake da su, wajen miliyan 6 'yan matakin ƙasa da cikakkiyar nas ne.

To, me ya sa sai 'ya'yan ƙauyukan? Saboda su ne ke zama. Duk wanda ya san damina a Gadarif ya san yadda baƙar laka ke riƙe mota tun daga Yuni har Oktoba, ƙauye ya yanke daga gari mako da makonni. A daidai lokacin ne zazzaɓin cizon sauro ke tashi, gudawa ke yaɗuwa, maciji ke saran masu noma da masu yankan riɗi. Ma'aikacin da aka turo daga birni yana jiran ranar da za a sauya masa wuri ne, kuma ba laifinsa ba ne, iyalinsa na can. Wanda gonar ubansa ke bayan gari kuwa ba inda za shi. Hausawan Gadarif, jikokin waɗanda suka bi hanyar Hajji da ƙafa da waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, da yawansu a bakin kogunan nan suka kafa garuruwa suna noma da su, wato a tsakiyar ƙasar kala-azar. Tsohuwar da Larabcinta na kasuwa ne kawai, ko amaryar da jini ke zubo mata tana jin kunyar faɗa, za ta gaya wa 'yar garinsu da Hausa abin da ba za ta taɓa gaya wa baƙo ba. Haka abin yake ga mai jin Fulatanci ko Masalit. Maƙwabtanmu sun gwada sun gani. Habasha, da ke nan bayan Gallabat, ta fara wani shiri a 2003: a ɗauki 'yan mata da suka gama aji goma daga ƙauyukansu, a horar da su shekara ɗaya, a mayar da biyu kowane ƙauye da albashin gwamnati, har suka haura 30,000. A arewacin Najeriya ma, daga 2012, an yi wani shiri a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, inda ake ba matan karkara, har da matan aure, shekarar share fage don su cike sharuɗɗan shiga makarantun jinya da ungozoma, bisa alkawarin komawa su yi wa garuruwansu aiki.

Ƙofofin shiga ba ɗaya ba ne, kuma rashin bambance su na jawo asarar kuɗi da shekaru. Mafi kusa ita ce gajeren kwas na agajin gaggawa da jinyar gida, irin wanda ƙungiyar Hilal Ahmar ta Sudan ta daɗe tana bayarwa. Kwas ne mai amfani, yana koyar da tsayar da jini da ɗaure karaya da kula da kwantacce, yana kuma buɗe ƙofar aikin sa-kai, amma takardarsa ba lasisin aikin jinya ba ce, kada wani ya ruɗe ku. Sai horon da ma'aikatar lafiya ke shiryawa na ma'aikatan lafiya na ƙauye da ungozomomi, wanda galibi ake so jama'ar gari su tsayar da ɗansu ko 'yarsu. Sai difiloma ta shekara uku a Akademiya, sai digiri na shekara huɗu a jami'a, waɗannan biyun kuwa suna bukatar shahadar sakandare ta Sudan. Wanda bai da ita yana iya zaman jarrabawar daga gida ba tare da ya koma aji da yara ba, kuma yaƙi ya riga ya jinkirta kowa: jarrabawar 2023 sai a ƙarshen Disamba 2024 aka yi ta, don haka babu abin kunya a makara. Sharuɗɗan ɗauka kan sauya daga shekara zuwa shekara, a ofis ake tambayarsu. Abu ɗaya da ba ya sauyawa shi ne lambar ɗan ƙasa. Dattawan Hausawan Sudan sun san wahalar da aka sha a kan takardun zama ɗan ƙasa, kuma har yanzu akwai gidajen da ke sakaci da rajistar haihuwa. Mai niyyar karatu ya fara da wannan tun da wuri, ya kuma tabbatar sunansa da na mahaifinsa da na kakanninsa iri ɗaya ne a kowace takarda, domin harafi ɗaya kan dawo da mutum gida bayan an rufe rajista.

Yanzu mu zo ga masu ja, mu fara da mafi ƙarfinsu. Masana jinya da yawa ba sa son a yawaita mataimaka, kuma suna da hujja. Linda Aiken ta Jami'ar Pennsylvania a Amurka, da abokan aikinta, sun bi asibitoci 243 a ƙasashen Turai shida, sakamakon ya fito a 2017: in aka cire cikakkiyar nas ɗaya daga kan marasa lafiya 25 aka sa mataimaki a gurbinta, haɗarin mutuwa na ƙaruwa da kashi 21 cikin ɗari. Wannan bincike ba abin yarwa ba ne, kuma bai kamata a ɓoye wa ɗalibi shi ba. Amma a lura da abin da aka auna: musanya ce, cire mai zurfin ilimi a sa mai gajeren ilimi. A ɗakin marasa lafiya na Hawata ko Doka ko Shuwak, wa ke tsaye bakin gado da ƙarfe biyun dare? Galibi ɗan'uwan maras lafiya ne, wanda ya shimfiɗa tabarma a ƙasa, shi ke ba da ruwa, shi ke kallon ledar ƙarin ruwa, shi ke yanke shawarar ko a tashi nas ko a bari sai safe, alhali ba wanda ya taɓa koya masa alamar haɗari ko ɗaya. Sau da yawa mai sharar ɗaki ne ake miƙa wa aikin da ba nasa ba. Mataimakin da aka horar gurbin waɗannan yake shiga, ya sauke wa nas ɗaya tilo da ke ɗakin wanka da juyi da awo, ta sami sararin yin abin da ita kaɗai ta iya. Duk da haka binciken ya bar mana gargaɗin da dole a riƙe. Hukumar da aljihunta ya ƙone za ta so ta ɗauki mataimaka biyu da kuɗin nas ɗaya ta ce ta cike gurbi, kuma ranar da aka yi haka alƙaluman Turai za su tabbata a kanmu. Abin da ya dace a nema shi ne mataimaki ya yi aiki ƙarƙashin cikakkiyar nas, a kuma bar masa matakalar hawa, yadda wanda ya nuna ƙwazo zai wuce difiloma ba tare da an ce ya koma farko ba.

Ja na biyu daga cikin gida yake fitowa, kuma gaskiya ne. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Kowa ya san mutumin da ya yi 'yan makonni a kwas, ya sayi farar riga da jakar allura, gari ya fara kiransa dakta, shi kuma bai hana ba. Yana yi wa kowane zazzaɓi allura, yana ɗaura ƙarin ruwa a ɗaki saboda mutane sun fi yarda da leda a kan kofi, yana riƙe yaron kala-azar mako uku a kan maganin cizon sauro har saifa ta cika ciki. Irin wannan ya fi jahili ɓarna, domin jahili ba a kai masa yaro. Sai dai wannan mutum ɗan mugun horo ne, kuma rashin horarre ne ya ba shi kasuwa. Makaranta ta gari abin da ta fi nanatawa shi ne iyaka: wannan naka ne, wannan sai da umarnin likita a rubuce, wannan kuwa ko an roƙe ka da kuka kada ka taɓa, tura shi gaba. Mataimakin da ya ce wa uwa, "Inna, zazzaɓin nan ya wuce mako biyu, gobe da asuba ku kama hanyar Doka a gwada jininsa," ya yi aikin da ya fi allura ɗari. Don haka ake gane makaranta da yawan lokacin da ɗalibanta ke yi a ɗakin marasa lafiya. Jinyar da aka koya a allo kaɗai kamar kamun kifi ne da aka koya a kan tudu.

Ja na uku na iyaye ne da mazaje, kuma kashi biyu ne. Wasu na ganin ƙasƙanci ne mutum ya ɗauki fo ɗin wani ko ya wanke masa jiki. Amma a kowane gida na Hausawa 'yar da ta yi jinyar mahaifiyarta har ƙarshe ita ake sa wa albarka, ba a taɓa cewa ta zubar da girmanta ba. Yin wannan ga wanda ba ka haɗa jini da shi ba ƙari ne a kan alheri. Tarihin Musulunci ma ya adana sunan Rufaida al-Aslamiyya, wadda ke da tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, a wurinta aka kwantar da Sa'ad ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Kashi na biyu ya fi wuyar amsawa: kwanan aiki, cuɗanya da maza, tafiyar 'ya mace gari ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai. Wannan damuwa ba ta jahilci ba ce, kuma ba a kawar da ita da gori. Uba yana da haƙƙin ya je da ƙafarsa ya ga inda 'yarsa za ta kwana, ya san wa ke kula da ɗalibai mata, ya tambayi yadda ake rabon aikin dare. Abin da ba zai yiwu ba shi ne magidanci ya ce matarsa ba za ta buɗe jikinta ga namiji ba, sannan ya hana 'yarsa da ƙanwarsa karatun da zai samar da macen da za ta duba ta. Matan da ake so a tarar a ɗakin haihuwa daga gidajen mutane za su fito.

Saura maganar kuɗi, wadda ba za a shafa mata mai ba. Albashin ma'aikatan jinya a Sudan kaɗan ne tun kafin yaƙi, bayan Afrilu 2023 kuma ya yi ta makara da watanni, fam na ta zubewa. Abin da ƙungiyoyin agaji ke biya ya fi tsoka, amma yana tafiya ranar da aikinsu ya ƙare. Gidan da ya saki hannu ɗaya daga gona shekara uku ya yi asarar da ake gani a rumbu. Wanda ke neman arzikin gaggawa ya nemi wata hanya. Amma a ɗora ɗaya gefen a ma'auni: ƙodagon manyan gonakin Gadarif na wata uku ne ko huɗu, a yanke riɗi a Oktoba, a girbe dawa a Disamba, sai zaman rani, kuma ƙarfi ne jarinsa, ranar da ƙarfi ya ƙare ya ƙare. Ilimin jinya ba ya jiran ruwan sama, yana bin mai shi duk inda gudun hijira ta jefa shi, kuma ko ba a ɗauke shi aiki ba, gidansu ya sami wanda ya san cewa lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri na iya riƙe ran yaro har a kai asibiti. Hanyar da ta fi hankali ga mai iyali ita ce ya fara da gajeren kwas bayan girbi, ya yi aikin sa-kai na ɗan lokaci, ya gwada ko zuciyarsa na ɗaukar jini da wari da kukan dare. Ba kowa ke iyawa ba, gara mutum ya gane haka a wata biyu da ya gane bayan an sayar da tumaki an biya kuɗin shekara. Wanda kuma zai shiga ɗakin marasa lafiya ya nemi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku, domin sukar allurar da aka riga aka yi wa wani na cikin haɗarin aikin.

Kafin a biya ko fam ɗaya, akwai tambayoyin da ake yi wa kowace makaranta, ta gwamnati ko ta 'yan kasuwa, kuma mai gaskiya ba ya jin haushinsu. Wace hukuma ce ta ba ku izini, ina takardar? Shin Majalisar Ƙasa ta Sana'o'in Likitanci da Lafiya, wadda ke yi wa masu jinya rajista, tana karɓar shaidar da kuke bayarwa, a wane mataki? A wane asibiti ɗalibanku ke koyon aiki, wata nawa, wa ke tsaye a kansu? Waɗanda kuka yaye bara ina suke aiki? In amsa ta zama kame-kame, ko aka ce a biya tukuna takarda na nan tafe, a tashi. Aikinku kafin haɗuwa ta gaba shi ne ku tafi biyu-biyu, wasu ma'aikatar lafiya ta jiha, wasu reshen Akademiya, wasu ofishin Hilal Ahmar, ku yi waɗannan tambayoyi, ku rubuto amsoshin da ranar buɗe rajista da takardun da ake nema. Kowa kuma ya zo da agogo ko waya mai nuna daƙiƙa, za a fara da ƙirga bugun jini da numfashi a jikin juna.